Ƙullin Kayan Dorugu da Jikokin Abbega

Jamusawa ba su zo kwarin Komadugu da mata da ƴaƴa sun kafa unguwa ba, irin yadda Larabawan Gadamas da Turabulus suka yi a Kano. Wucewa suka yi, ɗaya bayan ɗaya, a kan raƙumi da doki, cikin shekaru kamar ashirin na tsakiyar ƙarni na 19. Amma wucewar nan ta sauya makomar wasu iyalai, ta kuma bar kaya a hannun mutane. Labarin waɗannan iyalai da kayan nasu nake so mu duba, mu malamai da iyaye na yankin Diffa, domin ya taɓo wata tambaya da ke gabanmu tun 2015: me yaro zai gada daga gidan da aka tasa da gudu?

Bari in fara da Jamusawan da suka yi ƙaura ta gaske, don a gane inda na dosa. A shekarun 1850 kaɗai, mutum kusan miliyan ɗaya ne suka bar ƙasashen Jamus zuwa Amurka. Na ce ƙasashe, domin sai a 1871 suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya. Yawancinsu manoma ne da masu sana'ar hannu waɗanda gona ta yi wa kaɗan, suka shiga jirgin ruwa a Hambug ko a Bremerhaven. Abin da iyali ke iya ɗauka bai wuce akwatin katako ɗaya ko biyu ba: tufafi, kayan sana'ar maigida, da littafin addininsu, wanda aka saba rubuta sunayen waɗanda aka haifa da waɗanda suka mutu a shafukansa na farko. Yau jikokin jikokinsu ba sa jin Jamusanci, amma da yawa cikinsu za su faɗa maka sunan ƙauyen da kakansu ya fito da shekarar da ya taso. Har a 2005 aka buɗe gidan tarihi na musamman a Bremerhaven, inda masu neman tushe ke zuwa. Akwatunan sun tsufa, wasu gara ta cinye, amma ƴan layukan da wani ya zauna ya rubuta a bangon littafi sun riƙe labarin.

Daga wannan Hambug ɗin ne wasu samari biyu suka fito suka nufo wajenmu: Heinrich Barth, wanda aka haifa a 1821, da Adolf Overweg, ƙaninsa da shekara ɗaya. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, shugaban ayarin ma Baturen Ingila ne, James Richardson. Sun taso daga Turabulus a 1850. Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya leƙa Agadas, inda har yau ake nuna gidan da ya sauka, ya bi ta Tasawa da Katsina da Kano, ya isa Kukawa cikin Afrilun 1851. Overweg ya bi ta Gobir da Maraɗi. Richardson bai kai ba, ya rasu a hanya cikin Maris na shekarar, a wani gari da ake kira Ngurutuwa, ƴan kwanaki kafin Kukawa.

Abin da ɗalibanmu ba su cika sani ba shi ne, kogin nan da suke gani kamar iyakar duniya a da ƙofa ne. Babbar hanyar ayari da ta taso daga Turabulus, ta bi Murzuk da Bilma da Gigimi, a Yo take ƙetare Komadugu, can ƙasa da Geskeru ta wajen Boso, sannan ta shiga Kukawa. Duk wanda zai je wajen Shehun Borno daga arewa sai ya jiƙa ƙafa a ruwan nan. Barth ya ƙetare a Yo cikin Satumban 1851 za shi Kanem tare da Larabawan Aulad Sulaiman. A ƙarshen 1852 ya bi kwarin ya yi yamma, ya tsaya a kufan Birnin Gazargamu, babban birnin Borno na da wanda aka ci a 1808, ya ratsa ƙasar Manga da Muniyo, ya isa Damagaram. A 1855 ya sake ƙetarewa za shi gida. Shi kansa ruwan baƙo ne: daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake zuwa, wato ruwan da ya wanke ƙasar Kano ne muke ba tattasanmu.

A Kukawa ne Overweg ya ci karo da yara biyu bayi. Ɗaya sunansa Abbega, Bamargi ne daga kudancin Borno. Ɗayan Dorugu, Bahaushe, haifaffen Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, ɗan wani manomi mai kiɗan ganga. An kama shi yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa wajen wani Balarabe a Kukawa, aka ba da shi haya yana jan raƙumin Overweg. Overweg ya fanshe su, ya ƴanta su. Kada dai mu yi saurin ɗora wa baƙin nan rawanin waliyyai: su biyun sun bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, yaƙin da aka fita don kamun bayi, suka ga abin da suka gani, suka rubuta, suka dawo tare da rundunar. Overweg bai daɗe ba. Shi ne ya kawo kwalekwale gunduwa-gunduwa a kan raƙuma ya harhaɗa shi ya shiga tsibiran Buduma, zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari, bakin tafkin Cadi, cikin Satumban 1852, yana ɗan shekara talatin. Sai yaran suka koma hannun Barth.

Da shi suka yi Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu da Sayi, har Tumbutu a 1853, suka dawo Kukawa, suka ratsa sahara, suka sauka Landan cikin Satumban 1855. Ya kai su Jamus suka ga danginsa a Hambug. Ka ga a nan ƙaurar ta juya: maimakon Bajamushe ya zauna a bakin Komadugu, ƴaƴan ƙasar nan ne suka je suka zauna a Turai.

A Ingila wani Bajamushen ya karɓe su, James Frederick Schön, ɗan mishan haifaffen ƙasar Baden wanda shi ma baƙo ne a can. Schön ya riga ya wallafa ɗan littafin kalmomin Hausa tun 1843, bayan tafiyar da ya yi a kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther a 1841, amma Hausarsa ta tsince-tsince ce. Da ya sami Dorugu sai ya ga ya tsinci dami a kala. Barth ya so a mayar da yaran gida, Schön ya riƙe su, abin ya zama rigima tsakaninsu. Abbega ya koma a 1857. Dorugu ya zauna har wajen 1864, yana magana Schön na rubutawa: tatsuniyoyi, labaran tafiya, da labarin rayuwarsa tun daga gonar ubansa har teburin cin abincin Turawa, wanda ya kwatanta da idon ɗan ƙauye mai lura, yana mamakin yawan cokula da ƙa'idojin zama. Da wannan Schön ya gina nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, sannan ya fitar da Magana Hausa a 1885. Lambar yabo ta Faransa da digirin girmamawa na Oxford duk Schön aka ba. Sunan Dorugu bai fito fili sosai ba sai a 1971, da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarinsa zuwa Ingilishi.

Ni a wajena, duk malamin Hausa da ke Nijar ya kamata ya san wannan: ɗaya daga cikin mafi tsufan dogayen zantukan Hausa da aka rubuta da harufan boko, daga bakin wani yaron ƙasar Kance ya fito, da karin harshen Damagaram na shekarun 1850. Muna koya wa yara sunayen marubutan da suka zo bayan 1930, muna tsallake wanda ya riga su da shekara kusan tamanin.

To, mu bi Abbega tukuna, don shi ne mai zuriyar da ake iya bi. An yi masa baftisma a Ingila, amma da ya dawo ya koma Musulunci. Bai koma ƙasar Margi ba, bai koma Kukawa ba. A Lakwaja ya zauna, mahaɗar Kwara da Binuwai, yana aikin tafinta ga Turawan da ke hawa da sauka a kogin, har a ƙarshen ƙarnin ya zama sarkin garin. Ƴarsa ta haifi ɗa a 1874, aka sa masa Maimaina, kuma a gaban kakan nasa ya tashi. Abin da ya gada daga Abbega ba ya shiga adaka: sanin harsuna ne, da sanin yadda ake zama da Bature. Da wannan ya shiga aikin Turawan Ingila a matsayin tafinta da manzo, ya bi su zuwa Borno a farkon ƙarni na 20, lokacin da ake ƙarasa rigimar gidan Rabe. Daga baya aka naɗa shi sarauta a ƙasar Margi, ya kafa garin Askira. A duba da kyau: ƙasar da aka fizge kakan yana yaro a matsayin bawa, ita jikan ya koma yana sarki. A 1958 aka buga littafinsa a Zariya, Labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira.

Wani zai ce ai Maimaina yaron Nasara ne, da irinsu aka ci ƙasar. Wannan gaskiya ce, kuma shi kansa bai ɓoye ba. Ba na ganin amfanin wanke shi, ba na kuma ganin amfanin jefar da littafinsa saboda haka. Da bai rubuta ba, da zaren da ya haɗa Kukawa ta 1852 da Askira ta yau ya tsinke. Sarautar ta zauna a gidansa. Kuma masifar da ta tashe mu ba ta bar su ba: ranar 30 ga Mayu 2014, ƴan Boko Haram suka yi wa ayarin sarakuna uku kwanton ɓauna a kudancin Borno, suka kashe Sarkin Gwoza, Idrissa Timta, Sarkin Askira da Sarkin Uba suka tsira da ƙyar.

Dorugu kuwa hanyarsa daban. Ya dawo ya yi shekaru yana tafinta, sai a ƙarshen rayuwarsa ya sake faɗawa hannun wani mai jin Jamusanci. Hanns Vischer ɗan birnin Basel ne a Suwizalan, an haife shi a 1876, ya zo ƙasar Hausa da farko a matsayin ɗan mishan, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan Ingila ya shiga aikin mulki a Borno. A 1906, da zai dawo daga hutu, ya ƙi bin teku, ya haɗa ayari a Turabulus da alhazai masu komawa gida da ƴantattun bayi, ya bi tsohuwar hanyar nan ta Murzuk da Bilma ya sauko tafkin Cadi da bakin Komadugu, hanyar da Dorugu ya bi za shi Turai shekara hamsin da ɗaya kafin nan. A 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewacin Najeriya, a Nasarawar Kano, inda ake koyarwa da Hausa. Kanawa suka sa masa Ɗan Hausa. Cikin malaman da ya ɗauka har da tsoho Dorugu.

(Wani ɗan ratse ga malaman Hausa: Vischer ne ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Su kuma harufan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shigo ne a shekarun 1930 daga tsarin wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda Vischer ke cikin shugabanninta tare da wani masanin Jamus, Diedrich Westermann. Wato duk ranar da ka gyara wa yaro ƙugiyar ƙ a allo, wani guntun kayan baƙin nan ne a hannunka.)

Dorugu ya rasu a Nasarawa a 1912. Matar Vischer, Isabelle, wadda ta rubuta littafin tunawa da zamanta a Arewa da Faransanci, ita ta ba da labarin abin da aka tarar da aka buɗe kayansa: tabarau masu yawa, tsofaffin tufafin Turawa da ya adana shekara da shekaru, da kuɗin da ya yi ta tarawa bai kashe ba. Mutumin da ake gani kamar ba shi da komai.

Na daɗe ina juya wannan ƙullin kaya a raina. Mai saurin hukunci zai ce rowa ce, ko son Turawa. Ni ba haka na gan shi ba. Wannan mutum ne da aka raba da gidan ubansa yana yaro, bai fito da ko tsinke ba. Ba shi da gangar ubansa, ba shi da zanen uwarsa. Farkon abin da ya taɓa mallaka a duniya, wanda ba mai ƙwace masa, shi ne abin da baƙin nan suka ba shi. In ya ce wa yaran Nasarawa ya ga Tumbutu, ya ga Landan, ya ga ruwa ya daskare ana tafiya a kai, wa zai yarda? Barth ya mutu tun 1865, Schön tun 1889. Shaidunsa da suka rage su ne rigunan nan. Kuma duk wanda ya taɓa wayar gari ba shi da komai ya san dalilin da ke sa mutum ya binne kuɗi ya kwana da yunwa. Akwai tsofaffi a sansanonin bakin kwalta da ke yin haka yau, ƴaƴansu na yi musu faɗa.

Abin lura kuma shi ne, jerin kayan ne ya iso gare mu, don wata ta zauna ta rubuta. Gidan Vischer ma yana nan a Kano, Gidan Ɗan Hausa, ginin ƙasa mai zanen makuba, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar, da hotuna a ciki, ana kai ƴan makaranta. Gidan baƙo ya zama gidan tarihi, ɗakin malamin da ya koyar a ƙarƙashinsa kuwa sai a littafin matar baƙon.

Kada a ɗauka ƙarfi ko sarauta na tsare kaya. A 1870 wani likita Bajamushe, Gustav Nachtigal, ya bi wannan hanya ta Yo ya kawo wa Shehu Umar kyauta daga Sarkin Furusiya, Wilhelm na Ɗaya, don godiya kan yadda ya karɓi Barth da waɗanda suka biyo bayansa, Eduard Vogel da Moritz von Beurmann da Gerhard Rohlfs. Akwai kujerar sarauta mai ruwan zinariya, da manyan hotunan sarkin da matarsa da yarimansa, da bindigogi sabon ƙira, da agogo, da wani akwatin kiɗa. An sha wahalar ratso sahara da su a kan raƙuma. Shekara ashirin da uku bayan haka, a 1893, Rabe ya ci Kukawa ya ƙone ta, fadar da aka jera kayan ta zama kufai. Jerin kyautar dai yana nan a littafin Nachtigal.

Amma akwai wani kayan ƙasashen Jamusanci da ya fi kujerar Shehu daɗewa, kuma mai yiwuwa yana cikin adakar kakarka. Liyari nake nufi, wanda Barebari ke kira gursu: babban kuɗin azurfa mai hoton wata mace a gefe ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗayan. Matar ita ce Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya. Nauyinsa giram 28, azurfarsa mai kyau ce, shi ya sa fatake daga Habasha har Borno suka amince da shi. A zamanin Shehu Umar da shi da wuri ake ciniki a kasuwar Kukawa. Da Turawan mulki suka kawo kuɗinsu suka kore shi daga kasuwa, sai ya koma ɗakin mata: wani aka huda aka rataya, wani maƙeran fari suka narka suka yi mundaye da zobba, wani aka ɗaure a tsumma don ranar baƙin ciki.

Wata ɗalibata ta taɓa zuwa da murna ta ce kakarta na da kuɗin da ya haura shekara ɗari biyu da arba'in, don ta ga an rubuta 1780 a jiki. Abin da ba ta sani ba, 1780 ita ce shekarar da sarauniyar ta mutu, kuma tun daga lokacin duk liyarin da aka buga wannan shekarar ake sa masa, don ƴan kasuwa ba sa karɓar wanda ya sauya kama. An buga shi a Biyana, an buga a Rum da Landan da Faris da Bombay, har gobe ana bugawa. Saboda haka na kakarta zai iya zama na 1850, zai iya zama na 1937. Na ce ta koma ta tambayi tsohuwar wa ya ba ta, a wane gari, kuma a bikin wa. Amsar da ta dawo da ita ta ƙunshi sunayen mata uku da garuruwa biyu, ɗaya a wannan gaɓar ɗaya a waccan, da wata shekarar yunwa da aka sayar da sauran aka bar wannan guda. Darasin tarihin da ya fi kowane kyau a wannan zangon shi ne wannan, kuma ba daga littafin gwamnati ya fito ba. Yarinyar ta koyi abu biyu a lokaci guda: kaya na iya yaudararka in ka tsaya ga abin da aka rubuta a jikinsa, kuma tsohuwar da ke zaune a bakin murhu ta san abin da malam bai sani ba.

Yanzu mu dawo gida. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Boso da Diffa. Dokar ta-ɓaci ta biyo baya, aka hana babura, aka taƙaita cinikin tattasai da kifi, aka kwashe mutanen tsibirai. Bayan harin Boso na Yunin 2016 ƙauyukan bakin kogi suka watse, jama'a suka jeru a gefen babbar hanya, a Asaga da Ngagam da Kinjandi da Garin Wanzam. Ƙasar Geskeru ta sake shan hare-hare a 2019, sannan kogin ya yi ambaliya a shekarar, ya sake yi a 2022, ya ci abin da wuta ta bari. Yaron da aka goyo a gudun farko yanzu yana gab da gama firamare. Bai taɓa ganin ƙauyen da ake cewa nasu ba ne. In ka tambaye shi ɗan ina ne, sunan sansani zai faɗa maka.

Abin da mutane suka fito da shi kowa ya gani. Wani malami ya rungumo Alƙur'anin kakansa rubutun hannu, irin na Barno, cikin gafaka, ya bar awaki. Wata ta ɗauro mundayen azurfa a ƙugu. Wata kaskon turaren wuta kawai ta ɗauka, ita ma ba ta san dalili ba. Da yawa ba su fito da komai ba sai ƴaƴa, takardun haihuwa da na gona suka ƙone ko suka jiƙe. Cikin waɗanda suka fito da wani abu kuma, da yawa sun sayar a kasuwar Diffa sun sayi hatsi. Ba na zargin kowa, ni ma in ƴaƴana na kuka ba zan tsaya kallon munduwa ba. Abin da ke damuna shi ne a sayar da munduwar ba a gaya wa ƴar ta wace ce ba, sai a yi hasara biyu da kuɗin guda.

Shi ya sa nake roƙon ƴan'uwana malamai mu ware wa wannan aiki ɗan lokaci, ko da darasi ɗaya a wata. Kaye ɗaya ya isa, irin na shafi talatin da biyu. Yaro ya je gida ya tambayi mafi tsufa a gidansu abu ɗaya da aka fito da shi, ko wanda aka bari ake jin zafinsa, ya zana shi, ya rubuta na wa ne, daga wane gari, wa ya ba wa. Ya rubuta sunan ƙauyensu na asali da unguwarsu da sunan gonar, da itacen da ke ƙofar gida. Ya rubuta da harshen da tsohuwar ta yi magana, Barbarci ne ko Fulatanci ko Hausa ko Tubanci, in ya so a fassara daga baya. Dorugu ma da harshensa ya faɗi nasa, shi ya sa yake da daraja yau.

Sai dai a yi hattara. Kada malami ya ce a kawo kayan makaranta. Azurfa a jakar yaro fitina ce, kuma a halin da ake ciki ba kowa ke so a san abin da ya mallaka ba. Kada kuma a tilasta wa yaro karanta nasa a gaban aji. Wasu labaran akwai yanka a ciki, wasu akwai ɗan'uwan da ya bi mutanen daji, wasu kuma in aka tona sai a tarar da bauta a tushen gidan, kamar dai gidan Abbega, kuma mun san yadda yara ke mayar da irin wannan abin gori. Wanda ya ce gidansu ba su fito da komai ba, a ce ya rubuta hanyar da suka bi da ƙafa, zango-zango, da wanda ya ba su ruwa.

Ku kuma iyaye, wayar da ke hannunku ta isa ta ɗauki muryar tsohuwa tana lissafa kakanni. Amma waya na faɗawa ruwa, katin ciki na lalacewa, don haka a sa yaro ya kwafe a takarda, a yi biyu, a ba wani ɗan'uwa da ke Maine ko Damagaram ɗaya ya ajiye. In kuma an ji alƙalai sun zo zaman ba da takardun haihuwa a sansani, a je da kayen, domin sunayen iyaye da na gari da shekarar da ake tambaya a wurin duk suna ciki.